ƁERAN ƊAKIN GWAJI: HAƘƘINSA YANA WUYAN WA?

 

Daren Talatar da ta wuce, bayan mun idar da sallar Isha a masallacin unguwarmu nan Dogarawa, jama'a sun watse, ina laluben takalmina, sai na ga wani matashi tsaye a bakin ƙofa yana ta murza hularsa a hannu. Na san mahaifinsa tun muna yara. Yaron yana digiri na biyu a fannin magunguna a wata jami'a da ba sai na kira sunanta ba, hutu ne ya kawo shi gida.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma ina jin nauyi kada a yi mini dariya."

Na ce, "Ɗana, zauna. Wanda ya damu da abin da zai tarar a gaban Allah ba a yi masa dariya."

Sai ya ba ni labari. Aikin bincikensa a kan wani ganye ne da mutanenmu suke sha don ciwon suga. Ya sayi fararen ɓeraye 36 da kuɗin aljihunsa, ya yi musu allurar wani sinadari mai lalata sashen da ke sarrafa suga a jiki har ciwon ya kama su, sannan ya riƙa ɗura musu ruwan ganyen kullum har kwana 28. A tsakiyar aikin rashin lafiyar mahaifiyarsa ta sa ya yi tafiyar kwana huɗu, wanda ya bar wa amanar ba su ruwa bai leƙa ba. Ɓeran da ke da ciwon suga kuwa ƙishirwa ce aikinsa. Ya dawo ya tarar da biyar sun mutu a keji. Da ranar ƙarshe ta zo, ranar da za a fede su a ciri hanta da ƙoda, maganin sa barcin ya ƙare kafin a gama, kuɗi kuma babu. Na ƙarshen suna motsi aka yi musu abin da aka yi.

Ya ce, "Malam, hadisin matar nan mai kyanwa ne ya hana ni barci."

Na ba shi amsa a taƙaice a daren, na ce zan rubuta sauran a nan, domin na san irinsa suna da yawa a cikin masu bin wannan shafi, daga Samaru har Shika.

Da farko dai, kada wani ya ɗauki maganata ya ce Malam ya haramta gwaji a kan dabbobi. Ban haramta ba, kuma ban isa ba. Allah Ya hore mana dabbobi, muna ci, muna hawa, muna noma da su. Hadisi ya inganta a Bukhari cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da magani, kuma magani sai an neme shi. Likitocin Musulmi na da ma sun bi wannan hanya. Ibn Zuhr na Andalus, wanda ya rasu a 1162, da ya so ya tabbatar ko za a iya huda maƙogwaron mutumin da numfashi ya sarƙe wa, a kan akuya ya fara gwadawa, ya yi jinyarta har raunin ya warke. Allurar insulin da dattawanmu masu ciwon suga suke rayuwa da ita yau, a kan karnuka aka gwada ta a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Maganin dafin kububuwa da ake ceton manoma da shi a Kaltungo, daga jinin tumaki da dawakai ake samar da shi. Wanda ya musanta wannan alheri ya yi butulci.

To amma halascin nan na lalura ne. Ka yanka rago ka ci, wannan halas ne tun asali, kuma an umarce ka ka wasa wuƙa ka hutar da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Shaddad bin Aus wanda kowane ɗan Islamiyya ya haddace a Arba'una. Amma ka sa wa dabba ciwo da gangan, ka bar ta tana jinya makonni kana aunawa, ka ɗora ɓera a kan farantin ƙarfe mai zafi kana ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya fara lasar ƙafa don ka gane ko maganin kashe zafi yana aiki, ka ɗura masa ruwan tsami a ciki kana lissafa sau nawa ya murɗe, wannan azabtarwa ce, kuma asalin azabtar da mai rai haramun ne. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne ran ɗan Adam da ake son cetowa. Malaman fiƙihu kuwa sun kafa ƙa'ida cewa lalura ana auna ta ne gwargwadonta, ba a wuce iyakar buƙata.

Na san abin da wasu za su ce: ai ɓera ne, Malam, yana cikin dabbobi biyar ɗin nan da aka yi izinin kashewa ko a cikin Harami. Gaskiya ne. An ba da izinin kashe ɓeran da ya shigo maka rumbu saboda ɓarnarsa. Amma a ina aka ba da izinin gana masa azaba? Hadisin Shaddad ya haɗa har da kisa, cewa shi ma a kyautata shi. Sannan wannan farin ɓeran bai taɓa cin hatsin kowa ba. A keji aka haife shi, kai ka saye shi, kai ka kulle shi, ci da shansa sun dawo wuyanka. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba yanka ta ta yi ba, tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Yaron nan ya karanta hadisin daidai. Allah kuma Ya gaya mana a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu.

Yanzu ga inda nake son mu tsaya sosai. Duk wanda ya yi karatun Ahalari ko Ishmawi ya san babin taimama. An yi maka rangwame ka yi sallah da ƙasa idan babu ruwa. Amma malamanmu na Malikiyya sun ce kafin ka buga hannu a ƙasa, in kana tsammanin akwai ruwa kusa, sai ka nema. In ana sayarwa a kan kuɗin da aka saba kuma kana da hali, sai ka saya. Mutumin da rijiya take bayan gidansa, ya ƙi sayen guga da igiya, ya shekara yana taimama yana cewa lalura ce, wannan da kansa ya ƙirƙiri lalurarsa. A fahimtata, gwaji a kan dabba taimama ce. Neman hanyar da za ta maye gurbinsa shi ne neman ruwa. Tunda ɗalibi ɗaya ba zai iya haƙa wannan rijiya ba, ta zama farilla ta kifaya a kan al'umma, kuma wanda dukiyar al'umma take hannunsa shi za a fara tambaya.

Ruwan kuwa akwai shi, ba mafarki nake faɗa ba. Ku ɗauki gwajin ciki. Tun daga wajajen 1930 har zuwa shekarun 1960, idan likita a Turai yana son ya san ko mace tana da juna biyu, fitsarinta ake yi wa ɓera ko zomanya allura da shi, bayan kwanaki a fede dabbar a duba ma'ajiyar ƙwanta. A cikin waɗannan shekaru kuma aka fara amfani da wani kwaɗo na Afirka, wanda shi ba sai an kashe shi ba, ƙwai yake saki. Yau kuwa ɗan tsinke ne a kowane kemis na Sabon Gari, cikin 'yan mintuna an sani. Babu zomon da ya mutu, kuma sakamakon ya fi na da sauri da araha.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, don ya shafi Zariya. Dattawan Fulani suna tuna ciwon bushiya, annobar da take share garke ta bar makiyayi da sanda. Saboda irin wannan annoba Turawan mulki suka fara kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a nan Zariya, kafin a mayar da ɗakin bincikensa Vom a 1924. A wancan zamani ana samar da rigakafin ne ta hanyar sa wa awaki cutar, sannan a yanka su a sarrafa kayan cikinsu. Sai wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, yana aiki a Kenya, ya gano yadda za a raini ƙwayar cutar a kan ƙwayoyin halitta a cikin kwalba. Rigakafinsa ya fi na awakin aminci, ya fi shi araha. Da shi aka yi babban gangamin allurar shanu a ƙasashen Afirka, har aka kai 2011 aka shelanta cewa ciwon bushiya ya ƙare a duniya. Kun ga tausayin awaki da maslahar makiyayi sun haɗu a wuri ɗaya. Kuma wannan bincike a cibiyar gwamnati aka yi shi, da kuɗin gwamnati.

Su kansu masanan sun daɗe da gane wannan. A 1959 wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka fitar da littafi suka kafa ƙa'idoji uku: in akwai abin da zai maye gurbin dabba a yi amfani da shi, in babu a rage yawan dabbobin, waɗanda suka rage kuma a sauƙaƙa musu wahala. Da na fara jin wannan daga bakin wani likita sai na yi murmushi, na ce ai babin lalura ne aka rubuta da Turanci. Bambancinmu da su shi ne sun sa kuɗi. Birtaniya ta kafa cibiya ta musamman a 2004 wadda aikinta ba da tallafin bincike a kan waɗannan ƙa'idoji uku. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun 2013, kuma dole ta sa kamfanoni suka koma fatar ɗan Adam da ake rainonta a ɗakin gwaji, maimakon ɗiga sinadari a idon zomo. A 2010 masana a jami'ar Harvard suka ƙera wani ɗan ƙaramin faifai da bai wuce girman yatsa ba, aka shimfiɗa ƙwayoyin huhun mutum a cikinsa, yana buɗewa yana tsukewa kamar mai numfashi, ana gwada magani a kai. A Disambar 2022 Amurka ta gyara dokarta, ta cire sharaɗin cewa lallai sai an gwada sabon magani a kan dabba kafin a kai ga mutum, in akwai wata hanya da ta gamsar.

Ba wai imani ne ya yi musu yawa ba, lissafi ma ya tura su. Kusan tara cikin goma na magungunan da suka tsallake gwajin dabbobi suka kai ga gwajin mutane ba sa kaiwa kasuwa, wasu ba sa aiki, wasu suna cutarwa. Jikin ɓera daban, jikin mutum daban.

A nan dole in ja kunne, domin mu mutanen Arewa muna da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Illar abin ba ta tsaya nan ba, yana cikin abubuwan da suka sa mutane suka riƙa gudun allurar shan inna bayan shekaru. Saboda haka idan kuka ji ana cewa a daina gwaji a kan dabbobi, ku tambaya: a koma kan wa? In amsar ita ce kwalba da kwamfuta da ƙwayoyin halitta, madalla. In kuwa amsar ita ce 'ya'yan talakawan Afirka, to wallahi gara ɓera dubu da yaro ɗaya. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake son mu mallaki ilimin da kanmu. Wanda bai iya gwada magani a ƙasarsa ba, abin da aka miƙo masa zai haɗiye.

To mu ina muka tsaya? Allah Ya yi wa yankin nan baiwa. Ka tashi daga Dogarawa ka bi ta Kwangila ka miƙe, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, da tsangayar likitancin dabbobi da ta harhaɗa magunguna. Ka ƙara gaba ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da asibitin koyarwa a Shika. A Kaduna ga cibiyar binciken ciwon sammore. Jami'ar tana da kwamitin da ke duba yadda za a yi amfani da dabbobi kafin a amince da bincike, kuma wannan abin yabo ne. Masana ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci a ƙasar nan baki ɗaya shi ne kayan aiki. Rainon ƙwayoyin halitta yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da firiza mai tsananin sanyi, da sinadaran da ake saye da dala. Wuta ta ɗauke dare ɗaya, aikin wata shida ya lalace. Ɓera kuwa ba ruwansa da NEPA, dusa da ruwa sun ishe shi. Shi ya sa ɗalibin da ke biyan kuɗin bincikensa daga aljihun mahaifinsa ba shi da zaɓi. Shi ya sa kuma za ka ga ganye ɗaya, zogale ko shuwaka ko darbejiya, an gwada shi a kan ɓeraye a jami'a goma, tambaya ɗaya, amsa ɗaya, a ɗaure kundin da baƙin bango a ajiye ƙura ta rufe shi. Wannan shi ya fi damuna. Ran da aka kashe don a ceci mutum yana da hujja a gaban Allah. Wanda aka kashe don kawai a cika sharaɗin karɓar takarda fa? Nasa'i ya ruwaito cewa ko ɗan tsuntsu aka kashe ba bisa haƙƙi ba za a yi tambaya a kansa.

Wani zai ce, Malam, mutane suna mutuwa a asibiti babu magani, ana satar mutane a hanya, kai kana maganar kasafin kuɗin ɓeraye? Na ji, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma kuɗin da nake magana a kai an riga an ware su. Akwai asusun TETFund da dokar 2011 ta kafa, ana tara masa haraji daga ribar kamfanoni, kuma a cikinsa akwai kason bincike na ƙasa. Ƙasashen Afirka sun yi wa kansu alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, Najeriya ba ta kai ba. Abin da nake roƙo shi ne a cikin abin da ake rabawa a fitar da kaso da sunan wannan aiki. A gina ɗakin rainon ƙwayoyin halitta ko guda ɗaya ne a kowace shiyya, mai wutar sola, wanda ɗalibin kowace jami'a zai iya zuwa ya yi aiki. A koyar da tace magunguna ta kwamfuta, yadda daga sinadari ɗari za a fitar da biyar da suka cancanci a kai su ga dabba. A yi rumbun da za a tara sakamakon binciken da aka riga aka yi, kowa ya duba kafin ya sayi ɓera ko ɗaya. Hukumar NAFDAC, wadda take neman shaidar gwajin guba kafin ta yi wa maganin gargajiya rajista, ita ma ta bayyana waɗanne sababbin hanyoyi za ta karɓa, domin mai bincike ba zai bar tsohuwar hanya ba in ya san ita kaɗai ake karɓa. Ɗakin gwajin da zai hutar da ɓera shi ne dai zai gwada maganin jabu da ake sayar wa matanmu a kasuwa.

Kuma kada shugabanni su ɗauka wannan ya yi musu ƙanƙanta. Masu tarihi sun kawo cewa Umar bin Abdul'aziz, yana halifa, daular Musulunci tana hannunsa daga gabas zuwa yamma, ya sami labarin ana labta wa raƙuman dako kaya fiye da kima a Masar, sai ya rubuta wa wakilinsa ya ƙayyade nauyin da ba za a wuce ba. Izzuddin bin Abdissalam, wanda ake kira sarkin malamai, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mai su ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na ƙa'idojin hukunci, fiye da shekara 700 da suka wuce. Muna da 'yan majalisa da farfesoshi da suke sahun gaba a masallatanmu, wasu suna cikin kwamitocin da ke raba kuɗin nan. Da su nake.

Amma rashin kuɗin gwamnati bai sauke wa mai bincike nasa nauyin ba, kuma wannan shi ne abin da na gaya wa yaron a daren. Na ce masa aikinsa a asali halas ne, niyyarsa ta neman magani abin lada ce. Biyar ɗin da ƙishirwa ta kashe akwai sakaci, nasa da na wanda ya bar wa amana, sai ya yi istigfari. Na ƙarshen da aka fede suna motsi, kuskure ne babba, kamata ya yi a dakata har a samo maganin ko da aikin zai yi jinkirin mako. Babu diyya a kansa, babu kaffarar azumi, tuba ce, kuma Allah mai karɓar tuba ne. In ya yi sadaka, ko ya ajiye wa dabbobin unguwa ruwa a lokacin zafi, ya kyauta, don matar da aka gafarta wa saboda kare ruwa ta shayar da shi. Na ce daga yau kuɗin maganin sa barci shi ne farkon abin da zai ware kafin ya sayi dabba, in kuɗin ba su isa duka biyun ba ya rage dabbobin. Malaman da suke duba aikin ɗalibai kuma, ku ji tsoron Allah, kada ku sa hannu a kan binciken da kuka san an yi irinsa sau goma.

Jiya da Magariba ya sake tare ni. Ya ce ya yi magana da malaminsa ta waya, sun yarda kashi na biyu na aikin za a fara shi a kwamfuta, in ya so daga baya a ga ko ana buƙatar dabba. Matsalar ita ce kwamfutarsa ba za ta iya ɗaukar manhajar ba, ta sashen nasu kuma mutum bakwai ne a layi. Na ce ya kawo mini kiyasin kuɗin wadda za ta iya, ranar Juma'a bayan an sauko zan yi wa mutum biyu magana.